Rabin da Garma Ba Ta Taɓa Ba

Mutumin da zan ba da labarinsa wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ne babba a gidanmu. Mu ƙannensa Yaya muke ce masa. Sauran jama'a kuwa, yaro da babba, Mai Garma suka san shi. Ba shi kaɗai ke da garmar shanu a wajenmu ba, amma idan aka ce Mai Garma aka yi shiru, ba a tambayar wanne. Ni mai walda ne. Ban san ko baƙi ɗaya ba sai da furfura ta fara leƙo mini a gemu. Na shiga ajin manya, na zauna a benci ɗaya da sa'o'in 'ya'yana, kuma ban tashi ba sai da na iya. Daga baya na ƙudura cewa abu na farko mai tsawo da hannuna zai rubuta shi ne labarin Yaya da gonar mahaifinmu, domin na ji ana bayar da shi a bakin kasuwa an cika masa gishiri, alhali a gaban idona aka yi mafi yawansa.

Yaya gajere ne mai faɗin ƙirji, mai rowar magana ga mutane, mai kyautarta ga dabbobi. Tun gemunsa bai fito ba ciwo ya kwantar da mahaifinmu, shi ya karɓi garma, kuma da ladan huɗar gonakin mutane ya rene mu. Shanu da dama sun wuce ta hannunsa. Na ƙarshe su ne Toka da Mai Tozo, waɗanda ya sayo suna maruƙa, ya hore su da jan gungume a bayan gida har suka san muryarsa. Ban taɓa ganin ya ɗora musu karkiya ba sai ya bi wuyan kowanne da tafin hannu, ya tabbatar babu inda ya goge. Bulala ba ta cikin kayan aikinsa. Da harshe yake tuƙa su. Idan ya kama hannun garma ya tsaga ƙasa daga wannan iyaka zuwa waccan, sai ka rantse igiya aka ja masa. Abubuwa biyu yake alfahari da su, zurfi da tsabta: a juye ƙasa har ta ƙasa ta dawo sama, kuma kada a bar ko tsinken bara a fili. Yakan ce gona fuskar mai ita ce, ba a kuwa fita da fuska ba wanki.

Gonar mahaifinmu tana kan tudu, a gefen babbar hanya. Jar ƙasa ce, ja sosai, irin wadda idan ta kama farar riga sai dai rigar ta haƙura. Da tsohon ya rasu ba mu raba ta ba. Ta zauna ta mu huɗu, Yaya da ni da ƙanwarmu da ke aure a babban gari da Auta direban mota. Yaya ke noma ta, a zuba amfanin a rumbun mahaifinmu da ke gidansa, kowa ya ɗebi rabonsa. A zamanin tsoho akan bar wani yanki ya huta, ciyawa ta rufe shi. Da bakuna suka yi yawa sai hutu ya ƙare: kowace damina masara, kowace damina garma.

A hankali gonar ta fara ja da baya. Masara takan tsiro lafiya, ta ɗan tasa, sai ta tsaya cak kamar an kira sunanta. Bakin ganyen ya rine ya koma ruwan hanta, karan ya tsuke, idan kuma ta daure ta yi goyo, ka ɓare shi ka tarar da ƙwaya nan da can kamar bakin tsoho mai giɓi. Yaya ya yi abin da ya sani. Ya sayo takin sufa, wannan mai ruwan toka da ake cewa na ƙarfin saiwa ne, ya watsa ko'ina, ya bi da garma ya binne shi can ciki don kada ruwa ya tafi da shi. Kowace bazara kuma sai ya sauke mini bakin garmarsa a ƙofar shago.

"Ƙara mata tsawo," in ji shi.

"Yaya, huɗa za ka yi ko rijiya?"

"Abincin ƙasar nan ya gudu ƙasa. Binsa nake."

Ni kuma in ƙara, domin aikina ke nan, kuma waldata ba ta taɓa ɓallewa a gona ba.

Auta ne ya zo da maganar masu tifa. Ana cikon hanyoyi da filayen gini, jar ƙasa irin tamu kuwa ita suke nema ruwa a jallo. Za su haƙe tudun su kwashe, mu samu abin da za mu samu, a bar mana rami. Muka zauna a tsakar gidan Yaya, ƙanwarmu ma ta zo.

"Yaya, gonar nan ta rasu," in ji Auta, "mu ne muka ƙi yi mata sutura."

"Ƙasa ba ta mutuwa."

"To ta yi ritaya. Takin da ake zubawa ya kusa fin abin da ake girba nauyi."

Maganar Auta tana kan hanya, kuma shi ba mugun yaro ba ne. Iyali gare shi. Ƙanwarmu ce ta raba gardamar. Ta ce a ba Yaya damina uku. Idan kaka ta uku ta zo gonar ba ta cika rumbun mahaifinmu ba, tifa ta shiga, kada kowa ya ce uffan. Yaya ya kalli turken shanunsa, sannan ya ce ya yarda.

Ba a jima ba malamar gona ta turo babur ɗinta shagona, ƙafar da ake jingine shi da ita ta karye. Yarinya ce sa'ar 'yata ta fari, sabuwar zuwa. Ta tarar da Yaya zaune a kan tsohuwar taya, ni kuma ina shirin ƙara wa bakin garma wani tsawon. Ta gaishe mu da ladabi, ta tambayi dalilin wannan dogon baki, Yaya ya gaya mata a taƙaice. Ta tambayi launin ganye, ta tambayi launin ƙasa. Sannan ta duƙa ta tsinci wani guntun ƙarfe a ƙarƙashin teburina.

"Baba mai walda, mene ne wannan jan?"

"Tsatsa," na ce. "Da ita nake faɗa kullum."

"To jan da ke ƙasarku ɗan'uwanta ne."

Zan rubuta bayaninta kamar yadda na fahimce shi, na kuwa fahimce shi sarai, domin wanda ya san ƙarfe ba a yi masa dogon bayani a kan tsatsa. A cikin sufa akwai wani sinadari da ake kira fosfaras. Shi ke ƙarfafa saiwa, shi ke cika ƙwaya, rashinsa ne kuma ke rina ganye. Tsatsar da ke cikin jar ƙasa tana cafke shi ta riƙe, riƙon da ya kusa kai walda. Idan aka watsa taki aka juye da garma, an gauraya ɗan abu kaɗan da ƙasa mai yawa, kowace ƙwayar ƙasa ta kama rabonta ta dunƙule hannu. Ƙasar can ciki kuwa ta fi ta sama ja, saboda haka duk zurfin da aka ƙara, masu kamun aka ƙaro. Bayan wannan, akwai wasu siraran zaruruwa farare masu rai da ke manne da saiwa suna yi mata aike, su kutsa inda ba ta iya kaiwa su ɗebo mata. Garma tana tsinka su duk shekara.

"Takinka na shekaru yana nan, Baba," ta ce wa Yaya. "Bai gudu ba. A kulle yake."

"Ina mabuɗin?"

Ta ce akwai wani wake mai yaɗo, ba na ci ba, wanda ke rufe ƙasa ruf. Saiwarsa tana fitar da ɗan tsami da ke sassauta riƙon tsatsa, ta zuƙo abin da ta samu ta kai ganye. Idan harawarsa ta bushe aka bar ta kwance ta ruɓe a wurin, sai ta mayar da fosfaras ɗin a saman ƙasa, inda saiwar masara ke fara kiwo, ruɓin kuma ya cika wa tsatsa hannu ta rage kamu. Sharaɗin dai biyu ne: kada a kwashe harawar, kada kuma garma ta shiga. A buɗa ɗan rami, a sa iri, a sa sufa kaɗan a gefensa, a rufe.

"Waken ba ya ƙirƙirar fosfaras," ta ƙara. "Kwance shi yake yi, a hankali kuma. Ba zan yi maka alkawarin damina uku ba."

"'Yata, kin san da wa kike magana? Mai garma ya bar gonarsa ba huɗa, ai tela ne da yagaggiyar riga."

"Gonakin mutane nasu ne, Baba, ka ci gaba da yi musu yadda suka ce. Taka kawai nake roƙo."

Yaya ya ɗauki bakin garmarsa ya tafi. Bayan 'yan kwanaki ya zo ya kira ni, muka je gonar, ya kai ni gindin tsohon shinge, inda garma ba ta taɓa kaiwa ba kuma ganye ke taruwa. Ya ce shekara da shekaru yana lura, duk ƙwayar da ta faɗa wurin takan fito kore shar ta yi goyo cikakke, shi kuwa yana ɗauka inuwar shingen ce. Ya tona da yatsa, ya ɗago ƙasa mai duhu, ya sansana.

"Je ka ce wa yarinyar nan ta kawo wakenta," in ji shi.

Daminar farko wake kaɗai ya shuka. Ya yaɗu ya haɗe har ba a ganin ja ko kaɗan, ya zama abin kallo ga masu wucewa a hanya, daga baya kuma abin dariya. Aka ce Mai Garma ya buɗe wa macizai masauki. Rani ya fi damina wuya, domin ga harawa kwance fal gona a lokacin da kowace dabba ke kukan yunwa. Ya kewaye ta da ƙaya, ya share iyaka saboda gobara, shanunsa kuwa ya riƙa tafiya mai nisa yana yanko musu ciyawar bakin rafi. Matarsa, wadda tsakanina da ita wasa ne tun ranar da ta shigo gidanmu, takan tare ni a ƙofa.

"Malam Sabon Karatu, kai da ka iya duba takarda, a wane shafi aka ce ƙasa ta fi awakina baki?"

"A shafin da ba ki kai ba tukuna."

"To ka gaya wa yayanka, ranar da ƙasar ta haifa masa 'yan biyu sai ya kira ni barka."

Bakinta ke nan. Amma ita ce ke korar awakin maƙwabta daga shingen idan ba ya nan.

Damina ta biyu ya shuka masara a cikin ruɓaɓɓiyar harawar, rami-rami, da ɗan sufa a gefe, da ta tasa kuma ya sake zuba waken a tsakanin layuka. Aikin ya ci masa baya, shi da ya saba tafiya a miƙe bayan shanu. Gara ta yi ɓarna a wasu wurare, ɓeraye suka tone iri a wasu, ruwan hanta bai ɓace duka ba. Amma goyon ya fi na baya nauyi a hannu, rumbu ya haura rabi. Auta ya leƙa ya ce, "Saura ɗaya, Yaya." Yaya ya ce masa ya iya lissafi.

Tun a wannan daminar yanar ido ta fara sauko masa. Ni na fara ganewa, domin na ga yana lalubar bakin garma da hannu maimakon ya duba. Abokan sana'arsa ma sun gane, don layinsa da ba ya karkata ya fara ɗan lanƙwasa a gonakin mutane. Asibitin babban gari suka sa masa ranar aiki, ranar kuwa ta faɗo a ƙarshen bazara, daidai lokacin da hadari ya fara haɗuwa. Ni na raka shi, saboda a irin wannan wuri ana bukatar wanda zai karanta abin da ke rubuce a ƙofofi da jikin kwalaben magani ba tare da ya tsayar da kowa ya tambaya ba. Muka sauka a gidan ƙanwarmu. Aka yi aiki lafiya, likita ya hana shi duƙawa da shiga ƙura, ya ce mu dakata a sake dubawa.

Muna can ruwan shuka ya sauka. Muna zaune a falon ƙanwarmu da rana tsaka, ruwa na dukan kwano, Yaya ya karkata kunne yana saurare, ido ɗaya a rufe da auduga.

"Hankalinka ya koma gida," in ji ƙanwarmu.

"Wannan ne ruwan farko da ya same ni a zaune," ya ce. "Amma ba komai. Gonata a lulluɓe take, ba ta gaggawa."

Abin da ya faru a bayanmu daga bakin matar Yaya na ji shi, na kuma tabbatar daga bakin waɗanda suka yi. Masu garma suna da wani tsari a tsakaninsu: ba wanda zai ɗaura shanunsa ya tafi aikin lada alhali ɗan'uwansa yana kwance, gonarsa ba a taɓa ba. Babbansu bayan Yaya shi ne amininsa, Mai Baƙin Sa, wanda a hannun Yaya ya koyi riƙon garma. Sun san ya daina huɗar gonarsa, amma ba su taɓa yarda da zancen waken ba. A ganinsu ido ne ya kasa, sauran ganin yake kashewa a gonakin mutane, zuciya kuma ta hana shi ya ce a taimake shi, sai ya fake da malamar gona. Saboda haka da gari ya waye suka taru da shanunsu da amalanke, ba tare da sun gaya wa kowa ba, don kada a ji nauyin yi musu godiya. Suka tattara harawar da manjagara, suka ɗaure dami-dami, suka ce wannan ta Toka da Mai Tozo ce. Sannan suka sa garma, suka yi masa irin huɗar da shi ya koya musu, mai zurfi, mai tsabta.

Amalanken farko na isa ƙofar gida, matar Yaya ta ga abin da ke kai, ba ta tsaya tambaya ba. Ta ɗauki mayafi ta nufi gona, ta shiga ta tsaya a gaban baƙin san aminin Yaya.

"Ku kwance su," ta ce.

"Haba uwargida, ai ba lada muke nema ba," in ji Mai Baƙin Sa.

"Na sani. Allah ya saka da alheri. Ku kwance su. Shekara biyu ina hana awakina abin nan, ku kun kwashe shi kafin hantsi."

Suka kwance. Amma rabin da ke bakin hanya ya riga ya tafi. Ya koma ja wur, layuka a jere kamar an zana.

Da muka dawo, ta gaya masa tun bai ajiye jaka ba. Yaya ya gyara baƙin tabarau ɗin da aka ba shi, ya ce in raka shi. Muka tsaya a daidai inda garma ta tsaya, dama ja, hagu harawa kwance. Mai Baƙin Sa ya iso ya tsaya nesa kaɗan, hularsa a hannu.

"Wa ya riƙe?" in ji Yaya.

"Ni ne, maigida."

Yaya ya bi layin da sabon idonsa har ƙarshe. "Ya miƙe. Ka iya." Ya miƙa masa hannu. "Na gode. Ka gode mini wa sauran."

A hanyar komawa na tambaye shi me ya sa bai nuna masa ɓarnar ba. Ya ce, "Mutum ya ba ka shanunsa da guminsa a ranar da kowa ke rububin aiki, ka ce masa me? Ai ya sani. Ba ka ga hular a hannu ba?" Na ce to a mayar da harawar. Ya ce idan ya loda ta a amalanke kowa na gani, ya mayar musu da alherinsu a fuska ke nan. Ƙasar ma an riga an juye ta. Haka harawar ta zauna a kan rumfa, shanu da awaki suka yi shagali.

Da yake an hana shi duƙawa, ni da matarsa muka yi shukar, shi yana tsaye yana ba da umarni. Iri ɗaya, sufa ɗaya, rana ɗaya, duka ɓangarorin biyu. Na huɗar ya riga tsirowa, a jere gwanin sha'awa, har masu wucewa suka fara cewa ga shi nan, garma ba ta ƙarya. Na harawar ya fito a makare, da giɓi nan da can. Amma da masara ta ɗan tasa sai abin ya juya. Ta bakin hanya ta tsaya, ganyenta ya ɗauki tsohon launinsa. Ta ciki ta wuce ta, kore har baƙi-baƙi. Da aka yi 'yan kwanaki ba ruwa, ta huɗar ta riƙa nannaɗe ganye tun hantsi, ɗayar kuwa ƙarƙashinta da damshi. Malamar gona ta zo ta tona ɓangarorin biyu, ta nuna mana fararen zaruruwan a gindin ta ciki, sirara kamar saƙar gizo. A ɗayar sai da ta nema. Ta ce ba za ta iya raba wanne ne aikin fosfaras wanne ne na damshi ba, su biyun tare suke tafiya. Mai Baƙin Sa kuwa kullum da la'asar yakan zo ya tsaya a kan iyakar, ya daɗe, ya tafi.

Kaka ta zo. Ɓangaren ciki ya ba da goyon da ban ga irinsa ba tun zamanin mahaifinmu; na bakin hanya ya ba da abin da ya saba. Da aka zuba duka, rumbun bai cika ba. Ya rage kamar tsawon hannu. Muka sake zama mu huɗu, wannan karon a gonar, a kan iyakar nan. Mai Baƙin Sa ya zo ba a kira shi ba, ya zauna can gefe.

"Alkawari dai alkawari ne," in ji Auta. "Amma ni ma ina da ido. Mu riƙe na ciki, a ba masu tifa na bakin hanya. Dama shi suka fi so."

"Rami a gefen tudu?" in ji ƙanwarmu. "Ruwa kaɗan na cikin ma zai zaftare ya bi shi. Ko duka, ko babu."

Yaya ya ce bai musa ba, rumbu bai cika ba. "Amma ba gonar ce ta kasa ba. Hannu ne ya shiga."

"Hannuna ne," in ji Mai Baƙin Sa daga inda yake. "Auta, idan tifa ta shiga nan, ka sani ni na fara haƙa mata."

Auta ya sosa ƙeya. "Ni ba na ja da manya. Amma ku duba. Ƙasar nan harawa take so, shanun Yaya ma harawa suke so. Baki biyu, akushi ɗaya. Rani biyu yana zuwa bakin rafi da ƙafa. Yanzu ga ido, ga shekaru. Ranar da ƙafa ta ƙi zuwa, Toka ya yi kuka a turke, duk mun san inda Yaya zai je ya ɗebo masa. Sai mu koma gidan jiya, masu tifa kuma sun sami wani tudun."

Wannan magana ta shiga, domin gaskiya ce. Yaya ya murza ɓawon masara a hannunsa. Sannan ya juya wajen amininsa.

"Kana da wuri a turkenka?"

"Na me, maigida?"

"Na shanu biyu. Toka ba ya son a ɗaga masa murya. Mai Tozo kuma a hagu ake sa shi. In ka sa shi a dama zai ja ka cikin gonar mutane. Ka duba wuyansu kafin karkiya."

Auta, wanda ya san ko ranar auren 'yar Yaya sai da Yaya ya ba shanun nan ruwa kafin ya fita, ya sunkuyar da kai.

"Yaya, ban ce ka rabu da su ba."

"Ba ka ce ba. Ni na ce."

Auta ya tashi ya kakkaɓe wandonsa. Ya ce zai gaya wa masu tifa su nemi wani wuri, kuma idan za a ƙaro irin waken daga gari a bar masa, motarsa na zuwa can kullum.

Shanun suka koma turken Mai Baƙin Sa, yana aiki da su, yana kawo wa Yaya rabonsa na lada. Mai Baƙin Sa da hannunsa ya shuka wake a ɓangaren da ya huɗe, shi kuma ya kewaye shi da ƙaya a rani. Rumbun bai cika a daminar da ta biyo ba, sai ta bayanta. Yau idan ka tsaya a bakin hanya ka lura da kyau, za ka ga masarar wajen ta ɗan fi ta ciki gajarta, amma iyakar tana ɓacewa. Yaya ya tsufa. Kowace safiya yakan bi ta turken amininsa ya shafa wuyan shanun, sannan ya wuce gona da 'yar fartanyarsa a kafaɗa. Har yanzu Mai Garma ake ce masa, yana kuwa amsawa. Garmar tana shagona, jingine a kusurwa, da dogon bakin da na ƙara mata. Lokaci-lokaci nakan shafa mata baƙin mai, kada tsatsa ta kama ta.